Sunan da Iya Sailuba Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya yi samartakarsa a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, in dai ya taɓa sa karan sigari a baka, to ya san Iya Sailuba, kuma ba sanin shanu ba. Tsohuwa ce 'yar firit, baƙa, mai wushirya, in tana tafiya sai ka ce iska za ta ɗauke ta. Amma in ta ɗaga murya, na bakin ganuwa ma sai ya waiwayo. Ba malama ba ce, karatunta bai wuce na salla ba. Ba ta ba da laya, ba ta ba da rubutun sha. Sana'arta kaɗi, ita da mazarinta da kwandon auduga. Duk da haka samarin da ta raba da taba a unguwar nan sun fi waɗanda wa'azi ya raba, kuma masu wa'azin sun san haka, ba su dai so a faɗa ba ne.

Daga wani ƙauye ta wajen Turunku aka kawo ta birni, gidan Malam Audu mai ɗinkin hula. Ta haihu da dama, biyu suka tsaya mata: ɗan farinta namiji, Aƙilu, da ƙanwarsa Rahmatu wadda daga baya ta yi aure a Tukur-Tukur. Malam Audu ya rasu yaran ba su gama girma ba, Sailuba ta ci gaba da zama a gidan tare da dangin mijin, tana ci da yaranta da zaren da take kaɗawa.

Matan wancan zamani ba irin na yanzu ba ne, da za ka ji uwa tana rangaɗa wa ɗan farinta kira a tsakiyar kasuwa. A da, kunyar ɗan fari ado ce, kuma a cikin masu wannan adon Sailuba ta yi zarra. Tun ranar suna ba ta taɓa buɗe baki ta ce Aƙilu ba. Yana ƙarami "yaron nan" take cewa. Da ya girma ya shiga koyon ɗinki a rumfar Malam Bahago, babban telan unguwar, sai ya koma "Tela". Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama inda yake zaune, in tana da magana da shi sai ta aiki Rahmatu, ko ta faɗa wa bango da ƙarfi don ya ji. Mata suna misali da ita. Uwaye na ce wa amarensu, "Ku je ku ga Sailuba ku koyi kara."

Kada wani ya ɗauka ba ta sonsa. Son da take masa har tsoro yake ba ta. Tsokar da ta fi kowace a miya kwanonsa take zuwa, ba tare da an ga hannun da ya sa ta ba. Da ya kai munzali aka ba shi ɗaki a ƙofar gida, tsakanin zaure da cikin gida, ita ta yi rani guda tana tsintar audugar rimi, ta tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗura masa katifa mai laushi wadda ko ango ba ya samun irinta. Ta ba Rahmatu ta kai, ta ce a ce daga wajen gwaggonsa take.

A rumfar Bahago ya koyi taba. Teloli in salla ta gabato ba su san barci ba, kuma a lokacin kowa ya yarda kara ɗaya yana korar gyangyaɗi. Daga ɗaya aka koma biyu, daga na salla aka koma na kullum. Sabo turken wawa. Uwarsa ce ta fara sani, don ita ke masa wanki: warin da ya kama wuyan riga, 'yan hujojin ƙuna a gaban taguwa, tsinken ashana a aljihu. Ranta ya ɓaci ƙwarai. To, amma ta yaya? Ta aiki Rahmatu, ya yi wa Rahmatu dariya. Ta sa kawunsa ya yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce ya bari, bai bari ba. Ta riƙa ajiye masa asuwaki a bakin ƙofa, yana ɗauka yana goge baki don kada a ji wari.

Ya san ta sani, ta san ya san ta sani. In suka yi kiciɓis a zaure yana riƙe da kara mai wuta, sai ya dunƙule hannu a kai, wutar na cin tafinsa, fuskarsa ko gezau. Ita kuma nan take sai ta kau da kai, ta yi kamar tana gyara lulluɓi, don ya samu ya yar. Haka suka zauna shekaru, shi yana ƙona hannu don kunyarta, ita tana kau da kai don kunyarsa, kowannensu yana ganin ladabi yake yi.

Ana saura 'yan kwanaki babbar sallar da aka yi daf da canjin hannun mota, Aƙilu ya kwana a kan keken ɗinki. Da hantsi ya dawo gida idanunsa jawur, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, don lokacin sanyi ne. Bayan azahar Sailuba ta fito ƙofar gida da tabarma za ta shanya auduga, ganin maza duk sun fita. Sai ta ga hayaƙi siriri yana fitowa ta 'yar tagar ɗakinsa, yana bin bango a hankali. Ta ji warin taba. Ta ce a ranta, "Ya fara." Ta naɗe tabarmarta ta koma ciki, don in ya fito kada ya tarar da ita ya ji nauyi.

Can an jima Hajara, matar ƙanin mijinta, ta ɗaga hanci ta ce, "Yaya, kamar ƙauri nake ji."

Sailuba ta ji kunya ta kama ta, a ce asirin ɗanta ya tonu a gaban faccala. Ta ce, "Ƙyale, ba komai. Na san ko mene ne."

Hajara ta ƙyale.

Audugar rimi ba ta ci da harshe. Cinyewa take a hankali daga ciki, ba ƙara, ba haske, sai hayaƙi. Da la'asar Malam Bahago ya gaji da jira, ya zo da kansa don ya tashe shi, ya buga ƙofa shiru, ya kira shiru, aka ɓalle ta. Wutar ba ta ko taɓa fuskarsa ba. Hayaƙi ne ya gama da shi yana barci, guntun karan yana nan inda ya faɗo daga yatsunsa. Da aka fito da shi, Sailuba na tsaye a bakin ƙofar cikin gida, hannunsa ɗaya ya saki yana lilo, tafin a buɗe. Ranar ta fara ganin tafin hannun ɗanta tun yana jariri. Duk tabo ne, sabo a kan tsoho.

Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Uwar ɗan fari ba ta yi. Ta zauna a ƙuryar ɗaki tana amsa gaisuwa da "Haƙuri sai ma'aiki", mata suna fita suna cewa, "Kai, Sailuba akwai dauriya, akwai kara." Kowane yabo sai ta ji kamar an ɗora mata garwashi. Hajara kuwa, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa tada maganar ƙaurin nan ba. Sai dai in suka haɗa ido, ita ma ta kau da kai, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Daga nan tsakanin azahar da la'asar ya zama mata lokacin azaba. Gari na tsit, kaji sun fake, sai ta ji warin. Ba na murhu ba, ba na shara ba: taba da ƙonanniyar audugar rimi, a haɗe. Ta tashi ta zaga gida, ta leƙa ɗakuna, ta tambayi kowa, "Ba ku ji ba?" Ba wanda ya ji. An share ɗakin, an yi masa sabon yaɓe, amma baƙin da ya bi ta saman taga ya ƙi ɓuya, duk damina sai ya sake fitowa. Wani lokaci tana kaɗi sai ta ji tari daga ƙofar gida, irin gajeren tarin nan nasa na mai gyaran murya kafin ya shigo. Sai ta ga hannunta ya kai ga lulluɓi, wuyanta ya fara juyawa da kansa, ta kau da kai ga wanda ba ya nan. Ta rame, ta yi baƙi. Rahmatu ta zo ta yi ta roƙo ta koma wajenta Tukur-Tukur, ta ce ba inda za ta. Ba ta faɗi dalili ba, amma gani take in ta tafi, wa zai ji warin?

Bayan watanni, wata rana ta kai wa Malam Bahago zare. Yana masallaci. A bayan rumfa ta tarar da Ƙasimu, abokin marigayin na ƙut da ƙut, wanda suka taso tare suka koyi ɗinki tare. Yana ganinta ya yi wuf ya dunƙule hannu. Wuyan Sailuba ya fara juyawa yadda ya saba. Ta riƙe shi da ƙyar, kamar mai riƙe akuyar da ta ga dusa.

"Ƙasimu."

"Na'am, Iya."

"Buɗe hannunka."

"Iya, ba komai a ciki."

"Ƙasimu ɗan Lami, ni na yi wa uwarka zaman biki ranar da aka haife ka. Buɗe hannunka."

Ya buɗe. Karan ya mutu, fatar ta tashi. Ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa, ta daɗe tana kallo har ya fara zubar da hawaye, shi da ko a maƙabarta bai yi kuka ba. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Gobe zan dawo."

Ta dawo kuwa, da tabarmarta da kwandonta. Ta shimfiɗa a gefen rumfa, inda take ganin gaba take ganin baya, ta zauna ta kama kaɗi. Malam Bahago ya yi ta sosa ƙeya, mace a majalisar maza. Amma wa zai kori uwar mamaci, kuma tsohuwa? Ya ce, "Iya, ga inuwa nan ta fi," ta ce nan ɗin ya yi mata.

Dabararta ba wata mai zurfi ba ce. Ta lura cewa kunyar da ta kashe mata ɗa, in aka juya ta, magani ce. Saurayi ba ya shan taba a gaban babba. To, sai babba ya ƙi tashi, ya kuma ƙi kau da kai. Tana nan zaune daga hantsi har la'asar sakaliya, idonta ƙur. Sannu a hankali ta gane lokutan da abin ke taso musu: in an ci abinci, in zare ya sarƙe a keke, in mai kaya ya zo ya yi masifa ya tafi. Da ta ga saurayi ya fara laluben aljihu yana kallon lungu, sai ta kira shi da cikakken sunansa, har da na uwarsa.

"Sani na Rabi, zo riƙe mini zaren nan."

Sai ya zo ya durƙusa, ta rataya masa zaren a hannu biyu, ta shiga naɗewa a hankali, tana jansa da hira. Hannu biyu a ɗaure, da me zai kunna ashana? Takan ce musu, "Kwaɗayin nan baƙon kunya ne, in ba a ba shi tabarma ba, ba ya daɗewa. Kafin mu gama naɗe wannan ya tafi." Sau da yawa kuwa haka ake yi. In an gama ta ba shi asuwaki ko kanumfari ko 'yar aya ya sa a baka, don ta ce baki ma maraya ne, in an raba shi da abin da ya saba sai an lallashe shi.

Ba ta yi musu barazana da wuta. Ta ce wutar da suka gani da idonsu ta isa. In wani ya yi sati biyu ya koma, ba ta gori. "Ka sha?" "Na sha, Iya." "To, ka faɗi gaskiya, ka biya rabi. Miƙo hannu." Abu ɗaya ne ba ta yafewa, ɓoyewa. Takan ce, "Ka sha a gabana in gani, ya fi mini ka shiga ɗaki ka turo ƙofa." Ba wanda ya taɓa iya sha a gabanta, ita ma ta san da haka.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Jalo mai tebur, wanda ke sayar musu kara-kara a bakin hanya, ya yi ta ƙorafi. "Iya, kin kashe mini kasuwa." Ta ce, "Sayar da alewa, Jalo. Ba a taɓa fito da mai shan alewa a makara daga ɗakinsa ba." Wasu samarin suka sauya majalisa don gudunta, wasu suka riƙa kiranta 'yar doka a bayan idonta. Ƙasimu ya fi shekara yana faɗuwa yana tashi kafin ya rabu da taba ɗungurungum. Amma labari ya bazu. Uwaye suka fara turo mata 'ya'yansu, har da na 'yan boko masu wando tsuke, su zo su durƙusa su riƙe zare suna zumɓura baki. Ta ɗan yi ƙiba, har dariya ta dawo mata. Warin dai bai bar ta ba, sai dai in ya zo yanzu tana cikin mutane, sai ta duba ta ga kowa yana nan a kan kekensa, ta ci gaba da kaɗi.

Ana nan, bayan an yi canjin kuɗi da shekara biyu ko uku, wata safiya tana zaune sai ta ji Malam Bahago ya ɗaga murya ya ce, "Aƙilu! Miƙo mini almakashi."

Mazari ya suɓuce daga hannunta ya gangara cikin kwata.

Sabon ma'aikaci ne, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, daga wani ƙauye ta hanyar Giwa. Ubansa manomin taba ne, a cikin ganyenta ya tashi, ya iya sha tun kafin ya iya ɗaura wando da kyau. Dogo ne mai fara'a, ba ya kama da marigayin ko kaɗan, sai dai suna. Bahago ya ba shi keken da ba wanda ya zauna a kai tun rasuwar nan, ya ba shi ɗan ɗakin ajiya na bayan rumfa ya riƙa kwana, cikin tarin ƙyallaye da wata tsohuwar katifa.

Mai kunyar suna ba ta faɗinsa ko da a kan wani yake. Tsohuwar da ke kiran kowa har da sunan uwarsa, a kan wannan sai harshenta ya naɗe. Ta sa masa "Baƙo". Kuma ba suna kaɗai ba, duk tsohuwar kunyar ta dawo mata ɗanya. Ba ta iya kallonsa. In ya zaga baya da ashana, sai ta ga wuyanta ya juya da kansa. A duk rumfar nan shi kaɗai ke shan tabarsa lafiya lau, sauran na yi masa tsiya wai ya zo da laƙani.

Shi kuwa abin damunsa yake. Ya fara tari mai nauyi da safe, kuma ya ga abokansa sun rabu da taba. Wata rana ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Iya, laifin me na yi miki? Kowa kina kiransa ya riƙe zare, ban da ni. Ko don ni ɗan ƙauye ne?"

Ta dubi gefe. Ta ce wa Ƙasimu, wanda ke kusa, "Ka gaya wa Baƙo ba laifin da ya yi."

"Ga ni a gabanki, Iya. Ni ma so nake in bari. Na gwada ni kaɗai na kasa."

"Ƙasimu, ka ba shi wannan asuwakin."

Ya karɓa daga hannun Ƙasimu, ya tashi jiki a sanyaye. Daga baya Ƙasimu ya ja shi gefe ya gaya masa sunan wa yake ɗauke da shi, da keken wa yake kai. Daga ranar sai ya shiga girmama ta fiye da kowa, ya daina tsayawa inda za ta gan shi. In zai sha sai ya shiga ɗakin ajiya ya turo ƙofa, don kada ya ɓata mata rai.

Sailuba ta ga duk wannan. Ba wawiya ba ce. Ta ga saƙo ta bakin wani, ta ga asuwaki ta hannun wani, ta ga ƙofa a rufe. Hanyar da ta bi ce sak, ba ta kauce ko taku ɗaya ba, kuma ta san inda hanyar take ɓullewa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. A gida takan shiga ɗaki ta gwada faɗin sunan ita kaɗai. Ta buɗe baki, harafin farko ya zo maƙogwaro ya tsaya. Shekara kusan talatin tana danne shi, ya ƙi fitowa. Warin ya ƙaru mata, har a cikin abinci take jinsa. Ta sake ramewa.

Babbar salla ta gabato. Kaya suka yi tsibi a rumfa, teloli suka daina barci. Wata rana, daf da azahar, ta ga Baƙo ya tashi daga kan keke yana layi, idanunsa jawur, ya ce wa Bahago zai ɗan runtsa. Ya shiga ɗakin ajiya ya turo ƙofa. Aka kira azahar, maza suka tafi masallaci, suka bar shi ya huta tukuna. Titi ya yi tsit. Ita kaɗai a kan tabarma, da kaji.

Sai warin ya zo. Ta ce a ranta na kullum ne, ta ƙi ɗaga kai. Ya ƙi wucewa. Ta ɗaga kai. Hayaƙi siriri yana fitowa ta saman ƙofar ɗakin ajiya, yana bin bango a hankali.

Ta miƙe. Ta dafa turken rumfa. Tsakaninta da ƙofar ba nisa, amma ji ta yi kamar an kafe ta. Wuyanta ya fara juyawa. Ta ji muryarta ta da, a cikin kanta, tana cewa ƙyale, ba komai, na san ko mene ne. Ta ce, "Baƙo," muryar ba ta ko kai bakin tabarma ba. Ta ce, "Tela." Shiru. Ta dubi hanyar masallaci, ba kowa. Ba Rahmatu, ba Ƙasimu, ba wanda za ta aika.

Ta sa hannu biyu ta riƙe kanta don kada ya juya, ta cika ƙirji.

"Aƙilu!"

Kaji suka watse. Mutanen da ke fitowa daga masallaci suka tsaya cak.

"Aƙilu! Aƙilu, tashi! Aƙilu, fito!"

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, saurayin ya fito a firgice, ba hula, hannunsa na dama a dunƙule. Idonsa biyu, bai ma kai ga kwanciya ba. "Na'am, Iya! Ga ni, Iya!" Amma ba ta daina ba. Yana tsaye a gabanta tana ta kira, idonta ba a kansa yake ba, yana can kan ƙofar da ke bayansa, kamar akwai sauran wanda bai fito ba. Ta kira har muryarta ta dushe, kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza ya ɓalle mata a tsakiyar titi, a gaban maza. Mata suka leƙo ta katanga. Waɗanda suka san ta tun tana amarya suka riƙe baki, don ba su taɓa jin sunan nan daga bakinta ba.

Malam Bahago ya shiga ɗakin da gudu, ya ɗaga katifa, ya birkice ƙyallaye, ya fito yana haki. Ya ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Ba wuta. Hayaƙin taba ne kawai."

Ta share fuska da gefen lulluɓi. Ta ce, "Na sani, Malam. Wancan karon ma haka na ce."

Bahago ya cire hula ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa.

Sailuba ta juyo ga saurayin, ta dube shi tsakiyar ido. Ta kama hannunsa na dama ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Karan ya mutu, fatar ta tashi fari. Ta hura masa a hankali, yadda ake hura wa yaro, ta ce, "Aƙilu, kada ka ƙara ƙona hannunka saboda ni. Kada ka ƙara rufe ƙofa. Zo ka riƙe mini zare."

Ya durƙusa ya miƙa hannu biyu. Ta rataya zaren ta kama naɗewa, shi yana kuka, ita tana naɗi.

Bai bari a ranar ba, ƙarya ba ta da amfani. Ya sha wuya fiye da kowa, don tasa ta gado ce. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, kowane karo ya zo ya faɗa mata da bakinsa, ita kuma ta kira shi da sunansa a gaban kowa. Kafin damina biyu ya rabu da taba, tarin ya tafi, ya yi aure, ya buɗe rumfarsa. Da Iya Sailuba ta kwanta ciwon ajali, bayan 'yan shekaru, shi da Ƙasimu ne suka ɗauki gaban makararta, a bayansu samarin unguwa da yawa waɗanda suka taɓa durƙusawa a gaban tabarmarta.

Amma a yammacin ranar da ta yi kiran nan, labari ya kai Tukur-Tukur, Rahmatu ta yafa gyale ta zo. Ta tarar da uwarta zaune a ƙofar gida, a gaban tsohon ɗakin, tana kallon baƙin da ke saman taga. Ta zauna kusa da ita.

Can Rahmatu ta ce, "Iya, an ce yau kin kira sunan Yaya."

"Na kira."

"Ya amsa kuwa?"

Tsohuwar ba ta ɗauke ido daga tagar ba. Ta ce, "Ɗaya ya amsa."